Atisayen Bazara a Wasan Besbol

Atisayen bazara zango ne na kimanin mako shida da ƙungiyoyin babbar gasar besbol ta Amurka da Kanada, wato MLB, suke yi kowace shekara daga tsakiyar Fabrairu zuwa ƙarshen Maris, kafin a buɗe kakar wasa. Bazarar da ake nufi ta ƙasashen sanyi ce, lokacin da ƙanƙara ta fara narkewa. Ƙungiyoyi 30 ne a gasar, kuma tun 2010 suka rabu gida biyu daidai: 15 suna sauka a jihar Florida, a rukunin da ake kira Grapefruit League, 15 kuma a jihar Arizona, a rukunin Cactus League. Wasannin da ake bugawa a wannan lokaci ba sa shiga lissafin gasa. Amma a cikinsu ne kowace ƙungiya take tace 'yan wasa 60 ko fiye har ta tsayar da 26 da za ta fara kaka da su, shi ya sa makonnin suka zama lokacin gardama tsakanin magoya baya kan wa zai samu gurbi, wa zai zauna a benci, wa kuma za a mayar ƙaramin rukuni.

Wasan a taƙaice

Mutum tara ke tsaron fili. Mai jifa yana wurga ƙwallo ga mai cafewa da ke tsugune, mai bugu kuma yana tsaye tsakaninsu da gora. In ya buga, sai ya sheƙa ya zagaya tashoshi uku ya dawo gida, a rubuta maki ɗaya. Bugun da ya tsallake katangar fili shi ne hom-ron. Wasa zagaye tara ne, kuma kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka.

Asali

Masana tarihin wasan ba su daidaita kan wanda ya fara ba. Akwai rahotannin da ke cewa wasu ƙungiyoyi sun je New Orleans motsa jiki tun wajen 1870, ciki har da Cincinnati Red Stockings. Akasari dai ana ɗora farkon al'adar a kan 1886, shekarar da koci Cap Anson da mai ƙungiya Albert Spalding suka kai Chicago White Stockings, wadda ta zama Cubs ta yau, garin Hot Springs na jihar Arkansas. Garin yana da maɓuɓɓugan ruwan zafi, kuma abin da aka kai su yi a fili yake. 'Yan wasan wancan zamani albashinsu bai kai su shekara ba, da yawansu sukan yi hunturu suna wasu sana'o'i, su dawo da ƙiba da gajiyar giya. Sai a tsoma su a ruwan zafi, a sa su hawan duwatsu, a ce ana dafa su ne har barasar ta fita. Ƙungiyar ta ci gasar rukuninta a wannan shekara, sai wasu suka bi sahu. Pittsburgh da Boston da Brooklyn duk sun yi zama a Hot Springs. A can ne, ranar 17 ga Maris 1918, Babe Ruth, wanda a lokacin mai jifa ne a Boston Red Sox, ya buga ƙwallon da aka ce ta tsallake titi ta faɗa gonar kiwon kadoji.

Florida ta shigo da sannu. Wata ƙungiyar Washington ta yi atisaye a Jacksonville a 1888, amma zaman bai kafu ba sai daga 1913, da Cubs suka sauka a Tampa, Cleveland kuma a Pensacola. Wanda ya fi kowa ƙoƙari a kai shi ne Al Lang, ɗan kasuwa daga Pittsburgh da ya koma St. Petersburg saboda rashin lafiya, daga baya ya zama magajin garin. Shi ya jawo St. Louis Browns a 1914, ya ci gaba da zawarcin ƙungiyoyi shekara da shekaru, domin ya gane cewa kowane rahoton jarida da aka aika arewa yana ɗauke da sunan garin da labarin rana mai ɗumi, talla ce kyauta.

Sunan rukunin Florida daga garehul ya samo asali, wani babban lemo mai ɗan ɗaci da ake nomawa a jihar. Akwai labarin da aka fi so a ba da. A 1915 a Daytona Beach, kocin Brooklyn Wilbert Robinson ya yarda zai cafe ƙwallon da matuƙiyar jirgin sama Ruth Law za ta sako daga sama. Abin da ya faɗo garehul ne. Ya fashe masa a ƙirji, ruwan ya wanke masa fuska, ya yi ta kururuwa yana zaton jininsa ne. An daɗe ana cewa Casey Stengel, ɗan wasan Brooklyn, ne ya kitsa abin, wasu kuma suka ce matuƙiyar ce ta manta da ƙwallon. Ko daga nan sunan ya fito, ko daga gonakin lemon kawai, ba a yanke ba.

Wasu ƙungiyoyin sun yi nisa. Cubs sun yi kusan shekara talatin, daga farkon shekarun 1920 zuwa 1951, suna atisaye a tsibirin Catalina da ke gaɓar California, saboda tsibirin mallakar mai ƙungiyar ne, William Wrigley, attajirin cingam. A 1943 zuwa 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, an taƙaita tafiye-tafiyen jirgin ƙasa saboda sojoji, shugaban gasa Kenesaw Mountain Landis ya hana zuwa kudu. Brooklyn Dodgers suka yi atisaye a Bear Mountain ta jihar New York, Cubs a French Lick ta Indiana, sau da yawa a cikin rufaffen ɗaki saboda sanyi.

Rukunin Arizona ya fara a 1947. Bill Veeck, mai ƙungiyar Cleveland, yana da gona kusa da Tucson, ya kai ƙungiyarsa can, ya kuma shawo kan Horace Stoneham ya kawo New York Giants birnin Phoenix don a samu abokin karawa. Cubs suka biyo baya zuwa Mesa a 1952. Veeck ya rubuta daga baya cewa wariyar launin fata da ya gani a Florida tana cikin dalilansa; wasu marubuta suna ganin gonar ce babban dalili.

Wariyar launin fata

Wannan babi ne mai nauyi a tarihin atisayen. A bazarar 1946 Jackie Robinson, baƙar fata, ya zo Florida a matsayin ɗan wasan Montreal Royals, ƙaramar ƙungiyar Dodgers. A Sanford aka yi masa barazana har ya bar garin. A Jacksonville aka garƙame filin wasa a ranar da zai buga. Daytona Beach ce ta yarda, ya buga a can ranar 17 ga Maris 1946, kuma filin yau sunansa yake ɗauke da shi. A shekara mai zuwa shugaban ƙungiyar Branch Rickey ya kwashi Dodgers zuwa Habana ta ƙasar Kyuba don kauce wa irin wannan, a 1948 kuma ƙungiyar ta karɓi wani tsohon sansanin sojan ruwa a Vero Beach ta mai da shi Dodgertown, inda 'yan wasa baƙaƙe da farare suke kwana suna cin abinci wuri ɗaya. Dodgers sun zauna a can har 2008.

Sauran ƙungiyoyi ba su yi haka ba. Har farkon shekarun 1960 fitattun 'yan wasa baƙaƙe sukan sauka a gidajen mutane a unguwar baƙaƙe, abokan wasansu farare suna otal a bakin teku. Ɗan jarida Wendell Smith ya yi ta rubutu a kai a 1961, 'yan wasa irin su Bill White na St. Louis Cardinals suka fito fili suka yi magana. A 1962 Cardinals suka kama wani masauki gaba ɗaya a St. Petersburg don kowa ya zauna tare.

Sansanoni a yau

Detroit Tigers suna Lakeland tun 1934, in ban da shekarun yaƙi, kuma babu ƙungiyar da ta kai su daɗewa a gari ɗaya. Phillies suna Clearwater tun 1947, Pirates a Bradenton tun 1969, Yankees a Tampa tun 1996. A Arizona dukkan filayen suna kewayen Phoenix tun 2011. Ƙananan hukumomi da jihohi ne ke biyan mafi yawan kuɗin gina filayen, kuma masana tattalin arziki suna jayayya kan ko riba tana biyo baya.

Yadda zangon yake tafiya

Masu jifa da masu cafewa ke fara isowa, saboda hannun mai jifa sai an bi shi a hankali. Wanda zai riƙa fara wasa yakan soma da zagaye ɗaya ko biyu, a riƙa ƙara masa kowane kwana biyar, har ya kai jifa 80 ko 90 kafin kaka. Masu bugu da yawa suna cewa mako uku ya ishe su. Tsawon zangon don masu jifa aka yi shi. Kowace ƙungiya tana buga wasa wajen 30. Wani lokaci a raba ƙungiya biyu ta buga wasa biyu a rana ɗaya, ana kuma barin wasa ya tashi canjaras, abin da ba a yi a kaka. Manyan 'yan wasa sukan buga zagaye huɗu ko biyar su yi wanka su tafi, a bar fili ga samari masu lamba 78 ko 91 a baya, wasunsu ko suna babu a rigar.

Ba a biyan albashi a wannan lokaci, sai kuɗin guzuri. 'Yan wasa suna kiransa kuɗin Murphy, da sunan lauya Robert Murphy da ya yi yunƙurin kafa musu ƙungiyar ƙwadago a 1946. Yunƙurin bai kai gaci ba, amma masu ƙungiyoyi suka tsorata suka amince da dala 25 a mako.

Ƙa'idojin jerin sunaye

Mafi yawan gardamar bazara a kan gurabe uku ko huɗu take, domin sauran an san masu su tun kafin a iso. Kuma ko waɗannan 'yan guraben, ƙa'idar kwantiragi ta fi abin da aka gani a fili tasiri a kansu.

Jeri biyu ne. Akwai na mutum 40 da ƙungiya ta mallaka, akwai na 26 da ke buga wasa, wanda masu jifa ba za su wuce 13 a ciki ba. Kafin 2020 na biyun 25 ne. Ɗan wasan da ke cikin 40 ana iya saukar da shi ƙaramin rukuni ba tare da neman izinin kowa ba a cikin kakanni uku, wani lokaci huɗu. In waɗannan suka ƙare, kafin a saukar da shi sai an tallata shi ga sauran ƙungiyoyi 29, kowacce tana iya ɗauke shi. Sakamakon haka shi ne abin da ke ba magoya baya haushi kowace shekara: saurayi ya haskaka wata guda, a tura shi ƙasa, a riƙe wanda bai taɓuka komai ba, don kawai na farkon ana iya ajiye shi, na biyun kuwa in aka sake shi ya tafi ke nan.

Sai kuma zaɓen Doka ta 5 da ake yi a Disamba. Ƙungiya takan biya dala 100,000 ta ɗauki ɗan wasan da wata ta bari a wajen jerinta na 40, da sharaɗin ya zauna a babban jeri kaka guda cur, in ba haka ba a mayar wa masu shi a rabin kuɗin. Ta wannan ƙofa Roberto Clemente ya bar Dodgers zuwa Pittsburgh a 1954, Johan Santana kuma ya isa Minnesota a 1999. Akwai kuma baƙin sansani, tsofaffin hannu da samari da aka gayyato ba sa cikin 40. Kafin a ɗauki ɗayansu sai an cire wani.

Mafi zafin ƙa'idojin ita ce ta lissafin kwanakin aiki. Kwana 172 a babban jeri shi ne shekara ɗaya, shekara shida kuma ke ba ɗan wasa 'yancin sayar da kansa ga wanda ya fi biya. A bazarar 2015 Kris Bryant na Cubs ya buga hom-ron tara, fiye da kowa. Aka tura shi ƙaramar ƙungiyar Cubs da ke Iowa, aka ce yana buƙatar gyara a tsaron tasha ta uku. Ranar 17 ga Afrilu aka kira shi, ya gama kaka da kwana 171, saura kwana ɗaya tak, wanda ya ba ƙungiyar ƙarin shekara a kansa. Ƙungiyar 'yan wasa ta shigar da ƙara, mai sulhu ya yanke a farkon 2020 cewa Cubs ba su karya doka ba. Yarjejeniyar 2022 ta kawo tukuici: ƙungiyar da ta fara kaka da fitaccen saurayi, ya kuma ci kyautar gwarzon sababbi, za ta samu ƙarin zaɓi a ɗaukar matasa. Seattle ce ta fara cin wannan da Julio Rodríguez.

Abin da ake gardama a kai

Tambayoyin ba sa canjawa sosai. Wa zai zama na biyar a masu fara jifa? Wa zai rufe wasa a zagaye na tara? Wa zai buga farko a layi? Mai cafewa na biyu, tsoho mai gogewa ko yaro mai ƙarfin bugu? Ana yin musun a gidajen rediyo masu karɓar kiran waya, a shafukan jaridu da intanet, da kuma a jikin wayar shingen filayen baya, inda mutum zai tsaya taku kaɗan daga mai jifa yana jin ƙarar ƙwallo a safar mai cafewa, ya koma masauki da hukuncinsa.

A 2010 magoya bayan Yankees sun rabu kan Phil Hughes da Joba Chamberlain a gurbin na biyar. Hughes ya samu, ya ci wasa 18 a kakar. A 2023 ƙungiyar ta sake buɗe takara a gurbin da ke tsakanin tasha ta biyu da ta uku, inda aka zaci Oswald Peraza ne zai gaje shi, sai Anthony Volpe mai shekara 21 ya ƙwace.

Canja wa babban ɗan wasa wuri ya fi tayar da ƙura, domin a nan girman kai da kuɗi suke haɗuwa. A Maris 2006 Alfonso Soriano, wanda Washington ta sayo, ya ƙi fita fili da koci Frank Robinson ya rubuta shi a tsaron hagu maimakon tasha ta biyu. 'Yan wasa takwas suka fita, wurinsa fayau. Ƙungiya ta yi barazanar dakatar da shi ba albashi, bayan kwana biyu ya sauko, ya kuma gama kakar da hom-ron 46. A Fabrairun 2025 Boston ta ɗauko Alex Bregman, Rafael Devers ya faɗa wa 'yan jarida cewa tasha ta uku tasa ce. Aka mai da shi mai bugu kawai ba tsaro, rashin jituwa ya ci gaba, a watan Yuni aka sayar da shi ga San Francisco.

Akwai kalaman da suka zama abin dariya saboda yawan maimaici. Duk shekara sai an ji cewa wane bai taɓa samun lafiyar jiki kamar ta bana ba, wane ya rage ƙiba, wane ya koyo sabon salon jifa a hunturu.

Darajar alƙaluman bazara

Mai bugu na yau da kullum yakan tsaya bugu sau 50 zuwa 60 a bazara, alhali a kaka yana haura 600. Da yawa daga cikin waɗanda ya fuskanta 'yan ƙaramin rukuni ne, ƙwararrun kuma sau da yawa gwaji suke yi, mutum ya yini yana jifa iri ɗaya ko ana dukansa. Busasshiyar iskar Arizona tana sa ƙwallo ta yi nisa, tana kuma rage lanƙwasar jifa. Saboda haka alƙaluman sukan yi ƙarya, ta kowane ɓangare.

Jake Fox na Baltimore ya buga hom-ron 10 a bazarar 2011, a kakar ya buga biyu, kafin tsakiyar shekara an cire shi daga jeri. Shohei Ohtani kuwa, a bazararsa ta farko a 2018, ya samu bugu huɗu kacal da suka kai shi tasha cikin 32, jifarsa ma ta sha duka, har wasu masu farautar 'yan wasa suka ce a kai shi ƙaramin rukuni ya koyi bugu. Ya buga hom-ron 22, ya ci kyautar gwarzon sababbi. A 2001 kocin Seattle Lou Piniella ya damu cewa Ichiro Suzuki yana tura duk ƙwallo gefen hagu kamar ba ya iya riskar jifa mai gudu. Ichiro ya gama kakar da bugu 242 da suka kai shi tasha. A wannan shekarar dai bazara ta faɗi gaskiya a kan Albert Pujols, wanda aka ɗauka a zagaye na 13 na ɗaukar matasa a 1999, bai kuma yi fiye da kaka ɗaya a ƙananan rukunai ba. Ya tilasta wa kocin St. Louis Cardinals Tony La Russa riƙe shi, ya buga hom-ron 37. Ana yawan cewa raunin abokin wasansa Bobby Bonilla ne ya buɗe masa ƙofa, ko da yake wasu na ciki sun musanta.

Manazarta alƙaluma sun fi dogara da tsare-tsaren hasashe irin su PECOTA, wanda Nate Silver ya fitar a 2003, da ZiPS da Steamer, masu duba shekarun baya. Wani bincike da Dan Rosenheck ya gabatar a 2015 ya nuna cewa bazara tana ƙara ɗan haske in aka dubi yawan kuskuren bugu da yawan tafiya kyauta zuwa tasha ta farko saboda mai jifa ya yi ta kuskure, musamman ga matasa. Gudun jifa ma ana sa masa ido tun ranar farko, tun da na'ura ke auna shi.

Rauni

Rauni ya fi kowace takara sauya jeri. Maris na cikin watannin da aka fi jin labarin tsinkewar jijiyar gwiwar hannu, wadda ake yi wa aikin Tommy John, tiyatar da likita Frank Jobe ya fara a 1974 a kan wani mai jifa mai wannan suna. Gerrit Cole na Yankees ya rasa kakar 2025 ta haka. Gasar ƙasashe ta World Baseball Classic, da aka fara a 2006, tana faɗowa cikin zangon. A 2023 Edwin Díaz na Mets ya ji ciwo a gwiwa yana murnar nasarar Puerto Rico, bai buga kakar ba.

Rikicin ƙwadago da gwajin dokoki

An gajarta atisayen 1990 da na 2022 saboda masu ƙungiyoyi sun rufe ƙofa, na biyun bayan kwana 99. A 1995 an buɗe sansani da 'yan wasan cike gurbi lokacin yajin aiki, har mai shari'a Sonia Sotomayor ta ba da umarnin da ya kawo ƙarshensa. A 2020 an tsayar da komai ranar 12 ga Maris saboda korona.

A bazara ake gwada sababbin dokoki. Da aka kawo agogon jifa a 2023, wasan Atlanta da Boston na 25 ga Fabrairu ya ƙare 6 da 6 a zagaye na tara, tashoshi cike, saboda alƙali ya fitar da Cal Conley don bai shirya bugu a kan lokaci ba. A 2025 an gwada ƙalubalantar hukuncin alƙali da na'ura.

Wasu ƙasashe

Ƙungiyoyin Japan suna buɗe sansani ranar 1 ga Fabrairu, akasari a Miyazaki da Okinawa. Na Koriya ta Kudu sukan fita waje, wasu zuwa Arizona, wasu zuwa Japan.